Dawaki Ɗari Bakwai

Bayan isha'i ya kawo ta garejina, a Jidda,
ja wur, ƙasa-ƙasa, cikinta na shafar kwalta.
Sunansa Mish'al. Gemu bai gama fito masa ba.
Ya ce, "Mu'allim, dawakinta ɗari huɗu da hamsin,
sun yi mini kaɗan."
Na ce, "Nawa kake so?" Ya ce, "Ɗari bakwai,"
kamar mai taya dabino a Bab Makka.

Na ɗaga bonet. Zafi ya bugi fuskata,
zafin tukunyar da aka sauke yanzu.
Maƙeranta sun sa mata linzami,
sun san dalili. Ni ma na sani.
Mai karɓar hayar shago ne bai sani ba.

Kwana sha ɗaya muna cikinta, ni da Tajussir,
ɗan Wad Madani, mai shayin da ba ya hucewa.
Muka cire turbo muka sa yayanta,
muka buɗe mata hanci ta shaƙi iska,
muka yanke salansa muka ba ta maƙogwaron zaki.
Fistin sababbi, fulogi masu jure wuta.
Da sifana ta gama nata
sai wani yaro ya zo da kwamfuta,
ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari,
ya shiga ƙwaƙwalwarta yana bi layi-layi,
duk inda ya ga "ya isa"
ya goge ya rubuta "ƙara".

Daren gwaji muka ɗaure ta tamau kan gangunan awo.
Ta yi gudun ranta, ba ta je ko'ina ba.
Kwanon rufi ya ɗau rawa, magen shago ta tsere,
salansa ta tofa shuɗiyar wuta sau biyu.
Allo ya ce ɗari bakwai da shida.
Mish'al ya sumbaci goshina duk da baƙin mai,
ya ce, "Daga tsaye zuwa ɗari, sakan uku!"

Sakan uku.
Kakana Jatau ya baro Haɗeja da jaki ɗaya,
shekara tara yana tafe kafin ya ga teku.
Ya tsinci auduga a Jazira, ya binne ɗa a Kassala,
ya sayar da jakin a Sawakin ya shiga jirgi.
Da ya tsufa, in ka tambaye shi hanya
sai ya jero maka rijiyoyi da sunayensu,
wannan mai zartsi ce, waccan guga ba ya kai mata.
Ban ba yaron wannan labari ba.
Cewa na yi, "Birki fa?
Ka ƙara dawaki, linzamin na jiya ne."
Ya yi dariya. "Wata mai zuwa, in sha Allah."

Na ce masa akwai ɗan yoyo, ya dawo jibi.
Ƙarya ce.
Da safe na tafi makabartar motoci a Biriman,
na zaga har na sami irin tata,
gabanta ya shige cikin kujera,
birkinta manya, lafiya lau,
mai ita bai sami zarafin taka shi ba.
Na durƙusa zan kwance, sai na ga salansa.
Na san waldar nan.
Hannu ba ya manta ɗinkinsa.

Na ɗaura wa jar motar, ban sa a lissafi ba.
Tajussir ya gani, ya zuba mini shayi, ya yi shiru.

Ya zo ya ɗauke ta ranar Alhamis.
Ina jin kukanta har ta haye gada,
har ya zama ƙugin sauro, har babu.
Na wanke hannu da fetur, na ja ƙofa.
Daga nan zuwa gida rabin sa'a ce a ƙafa.
Akwai mai ful a kwana, akwai masallaci,
akwai famfon sadaka mai ruwan sanyi.
Na san sunan wanda ya kafa shi.